Azumin Da Na Yi Ina Neman Muryar Yaya Garba

Bazarar bana ta zo da fushi. Tun hantsi kwanon rufin ofishinmu yake fara ƙara, in azahar ta yi kuwa ko kujera ba ka iya jingina da ita. Shekaranjiya ina tsaka da aiki kwamfutar makaranta ta ɗauke ɗif, zafi ya kashe ta. Ban san lokacin da na ɗauke ta na kai kusurwa na ɗora a kan murfin randar ruwanmu ba. Malaman da ke wurin suka kwashe da dariya, wani ya ce, "Malam Mudi, alwala za ka yi mata?" Na yi yaƙe na ƙyale su. Ba su san inda hannuna ya koyo wannan ba. Ranar dai ban ƙara tsinana komai ba, hankalina ya koma ƙauyenmu na gefen Makoɗa, shekarar da azumi ya kama a ƙarshen bazara ya tsallaka cikin shuka.

Daminar da ta gabaci azumin nan ruwa ya ɗauke da wuri. Gero ya fitar da kai bai cika ido ba, dawa kuwa a tsaye ta bushe. Abin da muka ɗaure bai kai rabin rumbu ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: ba mu gama kwaso dami ba yayana Garba ya yi haɗari da babur a hanyar kasuwa, aka kawo shi a kwance, bai kwana ba. Shi ne ɗan farin gidanmu, shi ne ƙarfin gonar. Ni auta ne, na gama kwalejin horar da malamai ina zaune ina jiran aiki, hannuna ya fi sabawa da biro a kan fartanya.

Kun san yadda iyayenmu suke da ɗan fari. Tunda nake ban taɓa jin Inna ta kama sunan Yaya Garba ba. "Wancan" take cewa, ko "yayanku". In ya shigo gaishe ta sai ta kau da kai ta amsa wa bango. Ko ranar da aka fita da shi ba ta yi kuka a gaban mutane ba, mata suna ta yaba mata kawaici. Ni da ɗakina ke jikin nata na san abin da na sani.

Wayarsa ta farfashe a haɗarin, amma memorin ciki ya tsira, ɗan abin nan da bai kai farce ba. Yaya Garba mutum ne mai barkwanci, duk abin da ya ga dama sai ya ɗauka a waya: waƙar da yake yi wa shanu in yana huɗa, kwaikwayon masu talla a kasuwa, tsokanar Inna in tana faɗa da awaki. Inna ta ƙulle memorin a ƙyalle ta jefa a kwallarta. Wani lokaci in gida ya yi shiru sai ta miƙo mini, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Auta, duba min ko abin nan bai lalace ba." In sa a wayata in kunna, ita kuma ta juya baya tana tsintar wake har ya ƙare. Sai ta ce, "To, yana nan," ta karɓe. Haka muka yi ta yi har bazara.

Ana gab da ganin wata Baba ya ce ta ba shi. Wata dabara ce ta zo masa, kuma wallahi da kyakkyawar niyya. Ya ji cewa masu turi a kasuwa suna zuba tafsiri a memori. Ya ce abin da mamaci ya bari in aka yi alheri da shi ladan yana isar masa. Yaron bai bar gona ba, bai bar ɗa ba, babur ɗin ma ya zama ƙarfe, wannan ɗan abin kaɗai ne dukiyarsa. A zuba tafsiri, a sa a rediyo a zaure, maƙwabta su saurara har Sallah, ya zama sadaka gare shi. Inna za ta ce a'a? Da wane baki? Sai ta faɗi dalili, dalilin kuwa shi ne abin da ba ta iya faɗa. Ta kwance ƙyallen ta ba shi.

Mai turin ya ga memori cike da abin da ya ɗauka tarkace ne. Bai tambayi kowa ba ya wanke shi tas, ya zuba rabin tafsirin da yake da shi, ya ce a dawo kafin goman ƙarshe ya cika sauran.

Ranar farkon azumi na gano. Gab da magariba mutane sun watse daga zaure, na ɗauki rediyon ina latsawa gaba, gaba, gaba, muryar malami ce kawai har na zagayo farko.

"Baba, an fa goge komai. Muryarsa duk ta tafi."

Ya ɗago ya dube ni. "Wace murya? Waƙar shanu? Ita ce za ta yi masa haske a kabari?"

Ina da zuciya, kowa a gidanmu ya sani. Na buɗe baki, sai na tuna azumi nake kuma mahaifina ne, na haɗiye abata. Inna tana tsakar gida tana dama kunu, ta ji komai, ludayin bai tsaya ba. Da aka sha ruwa ta ce cikinta ba daɗi, ta shiga ɗaki.

Washegari na kira Nasiru, abokina tun kwaleji, wanda ke gyaran kwamfuta a cikin birni. Ya ce in kwantar da hankalina. Abin da aka goge ba ya tafiya nan take, yana nan kwance a ƙasa har sai an zuba wani abu a kansa. Inda tafsirin ya hau ya tafi ke nan, amma sauran filin akwai manhajar da ke tono shi. Sharaɗi ɗaya ne, kada a ƙara zuba komai. Sauraro a rediyo ba ya ɓata komai, turi ne matsalar.

Na je na roƙi Baba ya jinkirta komawa kasuwa har bayan Sallah. Ya ce goman ƙarshe ba ta jiran kowa, ranar kasuwar da za ta zo kafin ta shiga zai kai a cika. Abin da ke hannuna ke nan: daga ranar zuwa waccan kasuwar.

Kwamfutar tawa wata 'yar mitsitsiya ce tsohuwa, cikinta ma bai isa a kwafe memorin gaba ɗaya a ajiye ba. Tun muna kwaleji Nasiru ya sa mata Linux saboda bairos ya ishe mu. A irin wannan tsarin ba shago kake zuwa a zuba maka manhaja ba. Wani baƙin allo kake buɗewa ka rubuta umarni, sai wani ɗan aike da ke cikinta, ana kiransa apt, ya bi ta intanet zuwa rumbun da ake ajiye manhajoji, ya ɗauko wadda ka ce, ya haɗo da duk abin da take buƙata, ya kafa maka.

"Layi ɗaya za ka rubuta," in ji Nasiru. "Kafin ka sosa kai an gama."

Allah ya yafe wa Nasiru wannan maganar.

Yanzu kusan kowane gida a garinmu da sola, sabis har cikin ɗaka, 'yata da babban yatsa take sauko da abin da take so tana kwance. A lokacin wuta da sabis ba sa ga maciji. Caji sai a shagon mai inji da ke bakin titi, a cikin kwari, inda kira ma da ƙyar yake shiga. Sabis mai ɗaukar intanet kuwa sai a tudun masussuka, can bayan gari wajen tsohuwar kuka. Batirin kwamfutar ya tsufa, in ka cika shi taf bai wuce a dafa shayi a sha ba. In yi caji a kwari, in rufe ta, in hau tudu da sauri, in jona wayata, in fara tsere da batir.

Safiya kuma ba tawa ba ce. Sahur ɗinmu ɗumamen tuwon dawa ne da miyar kuka da ba ta ga mai ba, Inna tana auna tsaba kamar magani. Ana idar da asuba mu ɗora wa jaki mangala, mu yi ta jigilar taki daga turke zuwa gona, ni da Baba, aikin da Yaya Garba yake yi shi kaɗai yana waƙa. Mu zuba tsibi-tsibi, mu tattara karan bara, mu share. Kafin hantsi ya ɗaga leɓena ya bushe, ƙasa ta fara cin tafin ƙafa ta cikin silifas. Sai Baba ya ce a tashi, sannan nake samun kaina. Wato lokacin da kowa yake neman inuwa ya miƙe, lokacin nake hawa tudu. Inuwar kuka a bazara kuwa kun san ta, suna ce kawai.

Ranar farko na rubuta layin Nasiru na danna. Rubutu ya zubo, na ji daɗi, sai na lura duk layukan lamba ɗaya suke ƙarewa da ita, 404. Ba a samu ba, ba a samu ba, ba a samu ba. Na sake, haka. Na kira shi. Ya ce, "Kash, na manta. Tsarin da na sa maka ya tsufa, an kwashe kayansa daga wancan rumbun an kai wani. Ɗan aikenka tsohon gida yake ta sallama." Dole in buɗe inda adireshin rumbun yake in canza da hannu, layi bayan layi, yana faɗa mini a waya, gumi na ɗiga daga haɓata a kan maɓallan. Ban gama ba allon ya mutu.

Kwana ya tafi a wannan. Da adireshi ya gyaru kuma sai kwamfutar ta ce sai ta fara sauko da bayanin duk abin da ke cikin sabon rumbun kafin ta ɗauko ko allura. Sabis ya zo ya ɗauke, ya zo ya ɗauke. In zauna ina kallon lambar tana rarrafe, in ɗaga wayar sama, in juya gabas, in juya yamma, kamar mai duban wata. Wannan ma ya ci wasu kwanakin.

Za ku ce me ya hana ni shiga Kano wajen Nasiru a yi a gama. Ni ma na sha tambayar kaina. Abin mota babu, taki kuma dole ya fita kafin ruwa, ba kowa a gonar sai ni da tsoho. Kuma kullum gani nake ƙiris ya rage, gobe za a gama. Da goben nan ta yi ta jana har azumi ya yi nisa.

Ranar da ta fara sauko da manhajar kanta na ce to, Alhamdulillahi. Ta sauko, ta fara kwance kaya tana kafawa. Ƙasan kwamfutar ya yi zafi har ba na iya ɗora ta a cinya, 'yar fankar ciki tana kuka. Sai ɗif. Ba batir ba ne, zafi ne. Na jira ta huce na kunna, na sake rubuta layin, ta ce ba za ta iya ba, an kulle, wani yana aiki a ciki. Wane ne? Ni kaɗai ne a tudun sai ƙadangaru. Na yi mata tsawa a fili, na ce ke da Allah wa ke ciki in ba ni ba. Nasiru ya ce aikin da zafi ya katse ne ya bar ƙofa a kulle ya mutu da makulli a hannu. Sai in cire kullen da kaina, sannan in ba ta wani umarnin ta ƙarasa abin da ta bari rabi. Ya ja mini kunne in yi a hankali, in na goge abin da ba shi ba kwamfutar gaba ɗaya ba za ta ƙara tashi ba.

Na dawo gida ranar kaina na sarawa, idona na ganin duhu-duhu. Inna tana gyaran rama, ita ce kwaɗon buɗa bakinmu, da ɗan ƙuli. Ban taɓa gaya mata abin da nake yi a tudu ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba. Ta dubi kwamfutar a hammatata.

"Ita ma zafin take ji?"

"Shi yake kashe ta, Inna."

Washegari da zan fita na tarar da ƙaramin tulu a bakin ƙofata da ruwa a ciki, an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, ga faifai a kai. Ruwa a shekarar sai an yi layi a rijiya tun asuba, guga na kankarar ƙasa. Na ɗauki tulun a kafaɗa na hau tudu, na ɗora kwamfutar a kan faifan, sanyin ƙasar tulun yana ratsa ta. Ina zaune da azumi, maƙogwarona kamar an zuba toka, ruwa na ƙarƙashin hannuna yana sanyaya ƙarfe. Amma daga ranar zafi bai ƙara kashe ta ba.

Na cire kullen, na ƙarasa abin da aka katse, sai ta ce babu wuri, cikinta ya cika. Na zauna na goge hotunanmu na kwaleji, da aikin da na rubuta na kammala karatu, da duk wani abin da na tara. Ko a jikina. Na ce gobe sai kafawa.

Da la'asar ɗin ranar gabas ta haɗe. Iska ta taso ta kwashe dangar maƙwabta, ta yaye jinkar rumbunmu, muka bi ta da gudu ni da Baba. Sai ruwa, irin mai ƙamshin nan na farko. Yara suka fito tsirara suna tsalle, mata suna tara kwanoni a bakin indararo. Ni ma na tsaya a ciki na bar shi ya dake ni, bakina a rufe gam saboda azumi. Sai da gari ya waye na ji cewa iskar ta taɓa eriyar da ke ba mu sabis. Na hau tudu, ko ɗigo babu.

Ruwan shuka ba ya jiran mai uzuri. Gari ya fita kaf. Baba a gaba da sungumi yana sara, ni a baya ina jefa iri ina rufewa da diddige. Irin nan ma daga bakinmu aka cire shi, Inna ta ɓoye shi a tukunya ta shafe bakin da laka tun kaka don kada yunwa ta sa mu taɓa. Da can Yaya Garba ne ke sara, Baba ya bi shi. Yanzu ina bayan tsohon ina kallon yadda kafaɗarsa ke rawa in ya ɗaga sungumin, yadda yake tsayawa a ƙarshen layi ya dafa ƙugu yana kallon wani wuri. Na ce ya ba ni in sara, ya ce layina karkacewa yake. Gaskiya ya faɗa. Rana ta fito bayan ruwan da wani irin turiri, ƙasa na huci, mu kuma ba abin da ke cikinmu sai ɗumame. Wata rana a tsakiyar gona ya zauna daɓas, na ce ya karya azumin, shari'a ta ba shi dama. Ya harare ni ya tashi. Haushinsa da nake ji bai tafi ba, amma tausayinsa ya zo ya zauna kusa da shi, na rasa wanda zan bi.

Da Nasiru ya ji shiru ya gane ba sabis. Ya sauko da manhajar a can birni ya zuba a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a kwamfuta, ya ba wani direban bas ɗin garinmu ya kawo mini. Na je shagon mai inji da murnata na jona. Ta karɓa, ta duba, ta ce wannan ba ta tsayawa ita kaɗai, sai da wata. Na aika wa Nasiru ta bakin direban, ita ma aka kawo ta. Ita kuma ta ce sai da wata, kuma wadda ke cikin kwamfutar ta girme ta, ba za su zauna tare ba. Kamar ka je aron garma a ce sai ka zo da shanu, ka samo shanu a ce ina karkiya. Aikin ɗan aiken ke nan da ma, shi ya san wa ke buƙatar wa, shi kuma ba ya motsi sai da sabis. Na cire filas ɗin na sa a aljihu. Saura kaɗan in yi jifa da kwamfutar a titi, mai shagon ya riƙe mini hannu ya ce, "Malam, azumi ne."

A kwanakin nan Inna ta rame. Kowa ya rame, amma tata daban ce. Kullum bayan la'asar muryar malamin tana shigowa daga zaure, maƙwabta suna amsawa, ita tana bakin murhu tana jin abin da ya hau kan ɗanta. Ba ta taɓa cewa uffan a kai ba, har ruwan alwala take aika musu. Rannan ina wanke ƙafa ta zo wucewa ta tsaya.

"Auta, mutum yana manta murya?"

Na ce ban sani ba.

"Fuska tana nan," ta ce. "Muryar ce in na kamo sai ta zame." Ta ɗauki tsintsiyarta ta wuce. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Sabis ya dawo ana jibi kasuwa. Muna tashi daga gona na yi caji, na ɗauki tulu na hau tudu. Shuka ta fara tsirowa, ko'ina ɗigo-ɗigon kore, amma sama ta bushe tun wancan ruwan, mutane sun fara kallon gabas suna shiru. Na rubuta layin. Ta ce ba ta yarda da rumbun ba, hatimin da ke kan kayansa na wani lokaci ne da bai zo ba tukuna. Na karanta na sake karantawa. An gudu ba a tsira ba. Na kira Nasiru. Ya ce in duba kwanan wata. Ashe kwanakin da ta yi a mace lokacin shuka agogonta ya ɓata, ya koma can baya, shekarar da aka ƙera ta. Na zauna ina kallon shekarar a kusurwar allon. A wannan shekarar Yaya Garba yana goya ni a keke zuwa makaranta. Batir na tafiya, na sani, amma sai da na ɗan jima kafin na iya gyarawa. Ina gyarawa ta mutu.

Washegari, jajibirin kasuwa, na ce wa Baba yau ba zan je gona ba. Ban taɓa faɗa masa haka ba. Ya dube ni ya daɗe, ya saɓi fartanyarsa ya fita shi kaɗai. Na yi caji na hau tudu da sanyin safiya, na duba agogo, na jona waya, na yi bisimilla na rubuta layin. Ta tambaye ni ko ta ci gaba. Na ce e. Rubutu ya yi ta zuba, ta ɗauko wannan, ta ɗauko wancan, ta kwance, ta kafa. Sai ta tsaya, ɗan alamar nan yana ƙiftawa yana jiran wani umarnin. Ba ta ce an gama ba, ba ta ce komai ba. Haka take in abu ya yi, shiru kawai. Na daɗe ban yarda ba, sai da na kira sunan manhajar ta buɗe.

Na sauko na bi Baba gona na roƙe shi aron memorin. Ya ce yana cikin rediyo, amma kafin la'asar ya dawo, mutane za su zo. Na kai shagon mai inji na jona wuta, na saki manhajar a kansa. Ta yi ta tono a hankali har azahar ta gota. Abin da ta fito da shi tarin abubuwa ne marasa suna. Hotuna rabi hoto rabi toka. Guntayen waƙoƙin da yake saurare. Na murya kuwa in na buɗe sai shuuu, ko shiru, ko ya ƙi buɗuwa sam. Waƙar shanu ta tafi. Tsokanar awaki ta tafi. Ina bi ɗaya bayan ɗaya har na kusa ƙarshe. Sai ɗaya ya buɗe, gajere. Na saurara, na kifa kaina a kan bencin mai shago. Da na iya tashi na kwafe shi a kwamfutar, na kwafe a wayata, na kwafe a filas ɗin Nasiru. Na mayar wa Baba memorinsa kafin la'asar, gobe a cika shi da duk abin da aka ga dama.

Niyyata in bari sai Baba ya tafi masallaci in sa wa Inna ita kaɗai. Amma da muka sha ruwa a tsakar gida, kunun tsamiya tsararo da kwaɗon rama, sai ya ajiye ludayinsa.

"Wahalar da kake ta sha a tudu, ta haifi wani abu?"

Ashe ya sani. Na ce, "Ɗan kaɗan, Baba."

"To mu ji."

Inna tana gefe a bakin murhu, bayanta gare mu. Na ajiye wayar a kan tabarma na danna.

Iska ce ta fara, da ƙarar fartanya can nesa. Sai shi, yana haki yana dariya: "Assalamu alaikum masu sauraro, nan gidan rediyon gonar Baba ne. Labarin da muke samu yanzu, ciyawa ta ce ba inda za ta. Muna kira ga Inna, in tana jin mu, furar jiya ta yi ruwa, a taimaka a duba lamarin, don ma'aikata sun fara..."

Sai wata murya daga nesa, da ƙarfi, muryar Baba: "Kai, kashe wannan abin ka zo ka kama aiki. Rana tana yi."

"To, Baba."

Ƙit. Iyakarsa ke nan.

Ana shirin tayar da sallah a masallaci, Baba da ba ya bari a tayar ba ya sahu bai tashi ba. Yana kallon wayar. Can ya ce in sake sawa. Na kai hannu, sai ya riƙe mini wuyan hannu, tafinsa duk kanta.

"Ka tsayar da shi kafin wurin nan," ya ce. "Kafin inda na yi magana."

Inna ba ta juyo ba.

"A'a, Malam," ta ce. "A bar shi ya kai ƙarshe. A nan ne ya amsa."